Rakiyar Goggo Dije

Tun da na dawo daga Masar, da wuya mako ya wuce 'yan mata ba su yi sallama gidanmu a Batsari ba. Galibi ƙawayen ƙanwata ne da suka zo hutu. Sai su gaida babarmu a gurguje, su faɗo ɗakina, wannan ta shafa akwati, waccan ta buɗe kwalbar turare tana shinshinawa. Daga nan sai tambayar da na riga na sani: "Yaya Rabi, don Allah yaya ake shiga aikin nan naku?" Wata ma cewa ta yi ai wannan ba aiki ba ne, yawo ne ake biyan mutum ya yi. Ni kuwa har yanzu maganar nan ba na iya yin ta da baki. Shi ya sa na ga gara in rubuta, ku zauna ku karanta a tsanake.

Aikin ba shi da wani suna, 'yar rakiya kawai ake ce mana. Mai hali zai fitar da matarsa ko mahaifiyarsa asibitin ƙasar waje. Ita ba ta jin Turanci, shi ma ba ya ji, kuma ko yana ji ba zai shiga ɗakin da za a tuɓe ta ba. Sai a nemi mace mai ɗan boko ta bi ta, ta zama bakinta, ta zama kunnenta, ta yi jinyarta. A taƙaice za a damƙa miki mutum a ƙofar gidansu, ki tafi da shi, ki dawo da shi ƙofar gidan nan a kan ƙafafunsa. Duk sauran abin da kuke gani a ɗakina ƙari ne.

Wadda ta koya mini ita ce Hajiya Uwani, mutuniyar Safana. Tun zamanin Turawa take aiki a ɗakin mata na asibiti a Katsina, da kunne ta tsinci Turancinta, kuma ita ta fara irin wannan rakiya a yankinmu. Shekarar da na gama sakandare gwiwoyinta suka fara ba ta wahala, ta aiko a kira ni. Na je da takardata a hannu ina jin kaina. Ko kallon takardar ba ta yi ba.

"Na ji an ce kin iya rubuta wasiƙa da Turanci," in ji ta. "To madalla. Kin iya sa tsohuwa ta yi fitsari tana kwance?"

Na ce ban taɓa yi ba.

"Ashe da sauranki, 'yar boko."

Watanni na yi ban ga ko inuwar jirgi ba. Asibiti ta kai ni, ta haɗa ni da tsofaffin da ba su da mai jinya. A nan na koyi kwashe fo ba tare da na yamutsa fuska ba, da juya mai nauyi ni kaɗai, da wanke mutum a kan gado ba a jiƙa shimfiɗa ba. A nan kuma na gane cewa in ka tambayi tsohuwar Bahaushiya ko Bafillatana ya jiki, ko ranta na fita "da sauƙi" za ta ce. Hajiya ta ce in bar sauraron baki, in kalli yadda take riƙe gefen gado. Doka ɗaya ta kafa mini a kan tafinta, ta maimaita har ta zauna mini: abin da likita ya faɗa, kada in ƙara, kada in rage, ko da zai ƙona mini harshe.

Kayan aikin ba su da kyan gani. Na farkonsu buta ce ta roba, domin akwai asibitin da za ki shiga bayan gida ki tarar ba abin tsarki, kuma na ga dattijuwar da ta ƙi cin abinci saboda kada ta bukaci shiga. Sai darduma, da agogo don salla da lokacin magani, da filas, da garin kunu, tsamiya, yaji, kuka da daddawa, saboda mutanenmu sun gwammace yunwa da abincin da ba su san sunansa ba. Sai reza da 'yar jaka: ranar tiyata dole a cire layu da guru da awarwaro, ke za ki yanke igiyar, ki adana su, ki nuna wa mai su inda kika sa, in ba haka ba hankalinta ba zai kwanta ba. Fasfo da katin allura a lalita suke kwana, a ƙuguna. Akwai kuma abin da za ki hana tun daga gida, wato lalle. Matanmu in za su yi tafiya sai sun ƙunsa, likita kuwa farce yake dubawa ya ga ko jini na gudu, ko iska na isa. Na sha faɗa da 'yan uwan majinyata a kan wannan, suna cewa zan kai musu uwa ƙasar mutane da hannu fari kamar mai takaba.

Tafiyata ta farko da Hajiya Uwani muka yi, muka raka wata dattijuwa daga Safana, Hajiya Yalwa, wadda yanar ido ta rufe wa gani shekara da shekaru. Tun daga Kano har muka sauka Alƙahira tana riƙe da hannuna, tana tambaya ko har yanzu muna sama. Ranar da aka kwance mata bandeji ina tsaye a gabanta. Ta yi ta ƙifta ido, hawaye na zuba, sannan ta tsaya a kaina ta daɗe.

"Ke ce Rabi?"

"Ni ce, Hajiya."

"Ikon Allah. Da muryar nan taki na ɗauka wata ƙatuwa ce. Ashe 'yar tsurut ce ke ta juya ni."

Da muka dawo, rabin Safana ya taru a gidan. Aka miƙa mata allura da zare, ta zura a gaban kowa, mata suka ɗauki guɗa. Ba zan ce muku ƙarya ake yi ba. Suna da na'urori, suna da likitoci masu hannu, na ga wadda aka ɗauka a kujera ta dawo tana tafiya da kanta. Wanda ya ga irin wannan da idonsa, in tasa uwar ta kwanta, ba za ka iya hana shi ba.

Sai dai daga lokacin da kuɗin mai ya shigo gari, abin ya zama har da gasa. Kwangila ta yi yawa, shanun da suka tsira daga fari suka yi tsada a Ikko, mutumin da bara a kan jaki ya kai tsohuwarsa wurin wanzami, bana sai ka ji yana zancen Masar ko Ingila. Cutar da Kano ko Zariya za su iya ma sai an hau jirgi. Ba wanda ke tuna cewa a can babu mai leƙo ki da ƙwaryar kunu, babu maƙwabciyar da za ta zauna ta yi miki hira, kuma a filin jirgi akwai 'yan kamasho da ke jiran baƙo su kai shi inda za a ba su nasu. Na raka wata Landan da sanyi, aikin ya yi kyau, amma kaɗaici ya sa ta daina magana har sai da muka ga jar ƙasar Kano ta taga.

Tafiyar Goggo Dije ita ce wadda na fara wannan rubutu dominta. Ɗanta, Alhaji Sale, dillalin shanu ne a Runka, yana loda su zuwa kudu. Ya zo wurin Hajiya Uwani farkon damina ina zaune. Mahaifiyarsa na da maƙoƙo tun yana yaro, amma yanzu ya fara danne mata numfashi. Likita a Katsina ya ce a cire, ya ce a je Zariya.

"To ku je Zariyar mana," in ji Hajiya. "Kusa ce, danginta sa riƙa leƙa ta."

"Haba Hajiya. Mutanen da na fi su garke sun kai nasu Masar, ni in tsaya da tawa a Zariya? Me za a ce da ni a kasuwar kara?"

"Ita ka tambaye ta?"

"Ai ita kunya ba za ta bari ta ce tana so ba."

Kada ku ɗauka mutumin banza ne. Ban taɓa ganin ɗan da ke son uwarsa kamarsa ba. So yake ya yi mata abin da ya fi kowane tsada, don bai san wata hanyar da zai nuna mata ba.

Dalili kuwa shi ne ɗan farinta ne, su kuma Fulani ne na gaske. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta karɓar abu daga hannunsa. Hajiya ta damƙa mini tafiyar ni kaɗai. Ranar da ya kai ni rugarsu bayan Runka, mota ta kasa shiga saboda laka, muka ƙarasa a ƙasa. Muka tarar da ita tsugune tana tatsa, doguwa siririya, ta naɗe wuyanta da mayafi, numfashinta na fita da wani ɗan fito. Ya tsaya can nesa ya cire takalmi. Ita kuwa ni ta kalla.

"Ke ce mai kai mutane sama?"

"Ni ce, Goggo."

"Gaya wa mutumin can ni ban ce ina so ba."

Yana jin ta sarai, amma sai ya ce, "Malama, gaya mata jirgin ba ya girgiza kamar mota."

Haka na zama tafinta tsakanin uwa da ɗa tun ba mu bar gida ba, su biyun kuma harshe ɗaya suke ji. Da zan tafi ta kama hannuna, nata da sanyin nono, ta nuna mini turken da take tatsa. "Nan kika same ni, ɗiyata. Nan za ki maido ni." Na ce in Allah ya yarda.

A Alƙahira ba ta ba ni wahala ba ko kaɗan. Lif ne kawai ta ƙi, ta ce ita ba kaza ba ce da za a rufe ta a akurki, sai da na yi ta lallashi. Ɗakinta na kallon kogi, takan zauna bakin taga ta daɗe, ran nan ta ce, "Duk ruwan nan, shanun wa ke sha?" Madarar asibiti ta kurɓa sau ɗaya ta ture, ta ce saniyar da ta ba da wannan a duba ta, ba ta da lafiya. Alhaji yana masauki kusa, kullum da safe zai zo da jakarsa a hammata, ya tsaya bakin ƙofa ya gaishe ta ta bakina, ta amsa ta bakina. Aka yi ta gwaje-gwaje, aka ɗauki hoto, aka ɗebi jini. Likitan dattijo ne mai sanyin magana, ya ce aikin ba mai tsanani ba ne, yana yin irinsa kullum.

Da ya sa rana, ya faɗi dokar da kowane mai tiyata ke faɗi: daga daren jajibiri kada komai ya shiga cikinta, ko ruwa. Ya faɗi dalili, cewa maganin barci na iya tayar da abin da ke ciki, mai barcin kuma ba shi da ikon tari. Na juya na faɗa wa Goggo, na faɗa wa Alhaji, da dokar da dalilin. Duk suka ce to. Da yamma na yi abin da Hajiya ta koya mini, na kwashe duk abin ci da ke ɗakin, garin kunu, filas ɗina, har dabinon da ta ɓoye ƙarƙashin matashi.

"Ɓarauniya," in ji ta, tana dariya.

Da safe na yi mata wanka, ta yi salla, na yanke layunta na sa a jaka na nuna mata, na zare awarwaronta da sabulu, na sa mata rigar asibiti. Sai ga Alhaji. Wannan karon bai tsaya bakin ƙofa ba.

"Malama, ɗan ba mu wuri."

Na kalli Goggo. Ta sunkuyar da kai, ba ta ce a'a ba. Kowa ya san abin da ake yi kafin a sa wa mutum wuƙa, ana neman gafarar juna ne, kuma ba wurin da yarinya za ta tsaya ba ne. Na fita baranda na ja ƙofa. Ina jiyo muryarta ƙasa-ƙasa tana yi masa magana, ita da kanta, ba ta bakin kowa ba. Har na ji daɗi. Da ya buɗe ƙofa idanunsa sun yi ja, jakarsa na hammata yadda ya shigo da ita, ita kuma fuskarta a sake kamar wadda aka sauke wa kaya.

Aka zo da gadon turawa. Ta riƙe bakin zanena har ƙofar ɗakin tiyata, a nan aka ce in tsaya. Muka zauna a benci, shi a wancan gefe ni a wannan. Ban yi nisa da jan carbi ba na ga wata nas ta fito da gudu, ta koma da wasu mutum biyu suna tura wata na'ura. Can sai ga likita. Dattijon nan ne dai, amma sanyin maganar nan ya tafi.

"Me ta ci?"

Na ce ba ta ci komai ba, ni na kwashe abincin da hannuna.

Ya ce kada in gaya masa haka. Ana sa mata maganin barci abu ya taso daga cikinta, fari, mai kauri, da dusa-dusa a ciki, ya bi ta maƙogwaro ya shiga huhu. Ko taɓa wuyan ba a yi ba. Ya nuna Alhaji ya ce in tambaye shi.

Wannan shi ne aikin, ku da kuke tambaya. Mutum biyu na tsaye, kowanne na kallon bakinki. Na juya na tambaya.

"Ba ta ci komai ba," in ji Alhaji. "Rubutu ne kawai."

"Wane rubutu, Alhaji?"

Sai ya buɗe jakar ya fito da filas. Kafin mu taso an je wurin malaminsu ya yi mata rubutu mai yawa. Da yake ruwa ba zai kai Masar bai lalace ba, sai aka yi yadda matafiya ke yi, aka wanke allunan aka kwaɓa garin fura da ruwan, aka shanya ya bushe. Malam ya ce ta sha da safen ranar da za a yi aikin. Alhaji ya ɓoye ƙunshin a masaukinsa, ya sayi kindirmo a kanti, ya dama da hannunsa. Ta karɓa daga hannunsa ta shanye.

"Ai ba abinci ba ne, Malama. Ayar Allah ce. Gaya mashi."

Na gaya masa. Sai da na nemo Turancin allo da tawada da gero, likita na tsaye yana saurare, hularsa a hannu. Ya tambayi yawansa, na nuna filas. Ya rufe ido. Sannan ya yi magana a hankali, ya koma ciki.

"Me ya ce?"

Abin da ya ce shi ne, abin da ya shiga huhun yana ƙona shi, za su yi iyakar ƙoƙarinsu, amma a shekarunta kada mu sa rai da yawa. Na tuna dokar Hajiya. Ban ƙara ba, ban rage ba. Alhaji ya zame daga tsaye ya zauna a ƙasa, da babbar rigarsa, a tsakiyar hanyar da ake wucewa, filas a cinyarsa. Ma'aikata suka riƙa kewaye shi.

Ina so ku fahimce ni a nan. Malamin nan bai taɓa ganin ɗakin tiyata ba. Ya yi wa masu naƙuda rubutu, ya yi wa matafiya, bai san akwai barcin da ke hana mutum tari ba. Da ya sani da ya ce ta sha tun jajibiri da rana, ba abin da zai ragu. Alhaji kuwa ya ji dokar likita, ya yarda da ita, bai dai taɓa kawo wa ransa cewa ta shafi wannan ba. Bai nuna mini ba saboda irin wannan abu ba a baza shi, kuma yana ganin 'yar boko za ta taɓe baki. Likita bai san ana shan rubutu a duniya ba, balle ya hana. Kowa a cikinsu alheri ya nufa. Duk wadda za ta yi aikin nan bayana, tun a gida ta zauna da dangi ta tambaye su da ladabi, me malam ya bayar, a hannun wa yake, yaushe aka ce a sha. Ta tambayi maza daban, mata daban.

Goggo ta yi kwanaki. Aka sa mata robar iska a hanci, zazzaɓi ya rufe ta, ƙirjinta na ƙara kamar ana jan zarto. Ina zaune gefenta ina jiƙa mata leɓe da auduga, ina kallon farcenta, wanda na hana a sa wa lalle, yana komawa shuɗi a hankali. Alhaji ya daina zuwa masauki. A ƙasa yake zama wajen ƙafafunta, ba ya ci, ba ya magana, sai in an kira salla ya tashi. Wani lokaci takan farfaɗo ta dube mu. Ran da za ta cika, da hantsi, ta motsa yatsa na kai kunnena bakinta.

"Gaya wa mutumin can," ta tsaya ta nemi iska, "ya je ya ci abinci."

Na gaya masa. Ya tashi ya fita, don bai taɓa ƙin bin maganarta ba. Kafin ya dawo ta tafi.

Aka ce in ana so a kai ta gida sai an yi wa gawar allura, ta kwana a firji har a gama takardu, a sa ta a akwati a loda ta tare da kayan fasinja. Alhaji ya ce ba za a sa uwarsa cikin kaya ba. Aka yanke a rufe ta a ranar. Wasu mata biyu 'yan ƙasar ne masu wankan gawa a wurin, suka ce dole wata tata ta shiga. Ban taɓa ganin ana yi ba, a gida tsofaffi ke yi, ba a barin irina kusa. Ba na jin Larabcinsu, ba su jin Hausata, da hannu suke nuna mini inda zan zuba ruwa. Ni na warware mata kitso. Maƙoƙon na nan yadda muka zo da shi. Ɗalibai 'yan ƙasarmu da ke karatu a can suka zo suka yi mata salla tare da Alhaji, suka ɗauke ta. Ni mace ce, ban bi su ba. Na koma ɗakin na naɗe zannuwanta, na ɗauki butarta. In yau aka sauke ni Alƙahira aka ce in nuna kabarin, ban san ko ta wace kusurwa zan fuskanta ba.

An buga waya gida tun kafin mu taso. Daga Kano muka wuce Katsina, muka kama hanyar Runka. Gero ya fitar da kai, ko'ina kore. Alhaji ya tsaya wurin maza a ƙarƙashin bishiya inda ake zaman makoki, ni na ɗauki akwatin kayanta na shiga wurin mata. Ƙa'idar aikin ce, abin da aka ba ki sai kin mayar hannu da hannu. Na durƙusa na ajiye akwatin, na ɗora jakar layu da awarwaro a kai. Aka yi ta gaisuwa, ya hanya, ya haƙuri, Allah ya ji ƙanta, Allah ya sa can ta fi nan.

Sai wata tsohuwa ta kama hannuna ta ja ni cikin bukka. Aka ce mini Inna Tumba ce, yayar marigayiya, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta fi Goggo tsufa sosai, bayanta ya lanƙwashe, amma dogon hancin nan iri ɗaya ne. Ta zaunar da ni a kan tabarma, ta matso har gwiwarmu na haɗuwa, ta yi ƙasa da murya. Ta jikin zana ina jiyo maza suna amsa fatiha, har da muryar Alhaji.

"Ɗiyata, abu ɗaya zan tambaye ki, tun da aka aiko yake hana ni sukuni. Akwai wani ɗan ƙunshi da na ba yaron nan."

Na ce na'am.

"Ni na daka shi. Damin da ya fi kyau na sa aka sauko mani da shi daga rumbu. Ban bar yaran nan sun taɓa ba, ni na surfa, ni na kwaɓa da ruwan malam. Da damina shanya wuya gare ta, kin sani, in hadari ya taso in kwashe, in ya wuce in maido, ina zaune da kara a hannu saboda kaji. Ƙafata ba ta kai ni Masar, na ce to wannan ya je a madadina." Ta share ido da bakin zane. "Shi kuma kin san shi, kansa na wurin shanu. Ina tsoron ko ya manta da shi cikin jaka. Na kasa tambayarsa. Ta samu ta sha kuwa?"

Na kalli tabarma.

"Ta sha, Inna."

"Ranar da malam ya ce?"

"Ranar."

"Duka?"

"Duka."

Ta ɗaga hannu biyu sama. "Alhamdulillahi. To, ba mu bar ta haka nan ba. Mun yi mata namu, sauran na Mai shi ne." Ta sauke ajiyar zuciya, fuskarta ta saki. Sannan ta leƙa waje ta yi kira, aka miƙo ƙwarya rufe da faifai. Ta buɗe, ta juya da ludayi, ta ɗora mini a cinya.

"Sha, ɗiyata. Kin sha hanya saboda mu."

Fura ce, an dama da kauri. Na kama ludayin, na kasa ɗaga shi daga ƙwaryar. Ta sa hannunta a kan nawa ta riƙe har na kai baki.